Sai Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Jama'a, ni haifaffen Jos ne, kuma ɗan leburan kuza. Mahaifina ya baro ƙasar Katsina yana saurayi, ya hau dutse neman kuɗin haraji kamar yadda dubban 'yan cin rani suka yi a zamanin Turawa, sai zama ya kama shi a wajen Bukuru, ya yi aure, aka haife mu. Ƙanensa, wanda muke kira Baffa, ya biyo shi daga baya, amma shi bai daɗe da kwanon kuza a kansa ba. Ya lura cewa ramukan da kamfanoni suka haƙa suka bari sun cika da ruwa sun zama kududdufai, rani da damina ba su ƙafewa. Sai ya roƙi aron fili a bakin ɗaya daga cikinsu wurin Birom masu ƙasa, ya kafa jigo, ya shiga noman kabeji da karas da latas da tumatir. Da kuɗin wannan lambu aka saya mini littattafai da fararen kayan makaranta. Saboda haka in na yi maganar kududdufin nan, ba maganar wani ɗigo a kan taswira nake yi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kullum na ji a rediyo an ce an ware naira biliyan kaza domin bincike a jami'o'in ƙasar nan, sai in tuna da wata tambaya da Baffa ya yi mini, wadda har ya koma ga Ubangijinsa ban ba shi amsarta ba.

Masu shekaru irin nawa za su tuna cewa a zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'o'in fasaha guda bakwai tsakanin 1980 da 1983, watau a Bauchi da Makurɗi da Owerri da Yola da Akure da Abeokuta da Minna. Manufar kuwa ita ce a sami jami'o'in da ba za su tsaya ga haddar littafi ba, su riƙa ƙera abu da hannu, suna warware matsalolin gona da masana'anta. Ba a yi nisa ba kuɗin mai ya karye. A 1984 gwamnatin soja ta ce ba ta iya ɗaukar nauyinsu duka, ta haɗe huɗu da tsofaffin jami'o'i: ta Bauchi ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta Yola ƙarƙashin ta Maiduguri, ta Abeokuta ƙarƙashin ta Ikko, ta Makurɗi kuwa aka ɗora wa Jami'ar Jos, wadda ita kanta sai a 1975 ta tsaya da ƙafarta bayan ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971. Sai a 1988 aka sāke raba su. A ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan na yi aikina har na yi ritaya, kuma ba zan faɗi wacce ba, domin abin da ya same ni ya sami wasu a sauran.

Ni ba malami ba ne mai shiga aji. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, watau ni ne mai wanke kwalabe, mai haɗa sinadarai, mai lallashin inji in ya yi gardama. Amma a wurin mutanen gida duk wanda ke aiki a jami'a shehun malami ne. Wata shekara na zo Jos hutun babbar salla, na tafi lambu in gai da Baffa, na tarar da shi yana jan jigo. Bayan mun gaisa ya zauna a kan kunya, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, an ce mini aikinku a can aune-aune ne. To, ruwan nan da nake ba kabeji, wanda yara ke wanka a ciki, matanmu ke ɗiba in famfo ya ɗauke, akwai cuta a cikinsa ko babu? Ramin da aka wanke kuza ne, na sani, don da hannuna na wanke. Ina sayar wa mutane abinci, ba na so in je lahira da hakkin kowa."

Na ce, "Baffa, ku ba ni wata uku."

Ban faɗi haka don cika baki ba. A ilmance tambayar mai sauƙi ce. Akwai wata na'ura da ke auna yawan ƙarfe mai guba, kamar dalma, a cikin ruwa. Yadda take aiki shi ne, sai ta tsotsi ruwan ta fesa shi cikin harshen wuta, sa'an nan ta haska wani haske ta cikin wutar. Kowane ƙarfe yana da irin hasken da yake shanyewa, saboda haka gwargwadon hasken da ya ragu, gwargwadon ƙarfen da ke cikin ruwan. Sai dai kowane ƙarfe yana da ƙwan fitilarsa dabam, na dalma ba ya aikin na wani, kuma wutar tana bukatar iskar gas irin ta masu walda, mai tsabta, da lantarkin da ba ya rawa. Ku riƙe maganar ƙwan fitilar nan, za mu komo kanta.

Sashenmu ba shi da wannan na'ura. Amma jami'a tana da kwamitin da ke raba ɗan kuɗin bincike ga malamai, kuma a ƙa'ida mutum irina ba ya nema da sunansa, sai ya laɓe bayan mai digiri. Na sami wani matashin dakta, ɗan Kudu, wanda bai daɗe da dawowa daga Ingila ba, na kawo shi Jos ya ga kududdufan da idonsa. Ya yi shiru yana kallon jan tudun ƙasa da shuɗin ruwa, ya ce wannan aiki ne na shekara goma. Muka zauna muka tsara takardar neman kuɗi: abin da muke so mu sani, yadda za mu bi mu sani, wanda zai amfana, da abin da kowane kaya zai ci. Farashin na'urar mun ɗauko shi daga littafin tallar wani kamfani na Ingila muka juya shi zuwa naira. A lokacin kuwa naira tana da kwarjini, don a farkon shekarun 1980 ta fi dalar Amurka daraja. Akawu ya buga takardar a kan tafireta, muka gurza kwafi da yawa, muka kai. Ni kuma saboda ɗoki ban jira ba. Na ɗebo ruwa cikin kwalabe goma sha biyu daga kududdufin Baffa da na maƙwabtansa, na ɗiga wa kowace ruwan asid don kada ƙarfen ya manne a jikin kwalba, na rubuta rana da wuri, na jera su a kabad.

Kwamiti ya zauna, ya ɗage zama, ya sāke zama, ya amince. Daga amincewa zuwa sa hannu wata da watanni, daga sa hannu zuwa fitar kuɗi wasu watannin. Muna cikin wannan jira ne gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, kuma a watan Satumba na 1986 aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje. Kafin mu farga dala ɗaya ta koma wajen naira huɗu. Da kuɗinmu suka fito, adadin da muka rubuta aka ba mu, ko kwabo bai yi ciwon kai ba, amma kuɗin sun rame a hanya. Muka yi lissafi muka ga suna iya sayen gangar jikin na'urar, ban da ƙwayayen fitila, ban da tukunyar gas. Dakta ya ce mu sayi jikin, baɗi mu nemi ciko. Ni ma na goyi bayansa, kuma har yau ina ganin da ni da shi mun yi wauta irin ta wanda ya sayi doki ya ce linzami da ciyawa sai Allah ya hore.

Na'ura ta iso cikin akwatin katako. Muka kwance ta muka ɗora a kan tebur, na ɗinka mata riga da farin yadi saboda ƙurar hunturu. Baɗi ta zo, babu ciko, don a shekarun nan albashi ma da ƙyar yake fita. Duk sa'ad da manyan baƙi suka kawo ziyara, ɗakinmu ake fara kawo su, a ce in yaye rigar, su gyaɗa kai su ce lalle an ci gaba. Ba wanda ya taɓa cewa in kunna. Dakta ya yi haƙuri shekara biyu, sa'an nan ya bi sahun malamai da likitocin da suka yi ta ficewa zuwa Saudiyya da Amurka da kudancin Afirka, ficewar da ta sa gwamnati ta kafa kwamiti a kanta a 1988. Kwalabena kuwa, ruwan da aka ɗebo don irin wannan awo ba ya wuce kamar wata shida yana da amfani. Na san haka, amma sai da suka shekara uku a kabad kafin na iya tuntsurar da su a magudana.

In na zo gida Baffa ba ya tambayata. Wannan ya fi tambayar ciwo. Sai dai ya cika mini buhu da kabeji ya ce in kai wa iyali.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi ban samu ba. 'Yan kwamiti ba su ci kuɗinmu ba, akawu bai ɓoye fayil ba. Da na tsufa na gane cewa ciwon yana cikin yadda muke kallon kuɗin bincike ne: muna ɗaukarsa kamar kyautar biki, a ba da sau ɗaya a yi guɗa a watse, alhali kuwa shi bincike dabba ce ta turke, kullum sai an ba ta ci da sha.

Ba sai mun je Turai neman misali ba, ga Vom nan kudu da Bukuru. A 1924 Turawan mulki suka ɗauke sashen kula da lafiyar dabbobi daga Zariya suka kawo shi Vom, domin ciwon bushiya yana ƙare shanu. Kada mai karatu ya ɗauka don ƙaunar Fulani suka yi. Shanu su ne jangali, su ne ƙiraga da fatun da ake lodawa zuwa Ingila, saboda haka tambayar tana da mai biya, kuma mai biyan bai gaji ba. Shekara da shekaru ana ciyar da wurin, ana horar da ma'aikata, ana yin allurar rigakafi, har aka shiga gangamin haɗin gwiwa da Nijar da Cadi da Kamaru a 1962. Da aka yi sakaci ciwon ya dawo ya yi ɓarna mai yawa a 1983, aka sāke tashi tsaye. Sai a 2011 aka yi shelar cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. Ku ƙirga daga 1924 zuwa 2011, shekara 87 ke nan. Wace takardar neman kuɗi ce ta shekara biyu za ta iya wannan?

Haka kuza. Muddin tana da kasuwa, an san kowane tudu da kowane rafi na ƙasar Jos, an auna, an zana, an rubuta. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, masu biya suka kama gabansu, aka bar mu da ramuka da tarin yashi. Binciken da masana suka yi daga baya ya nuna cewa yashin da ake bari bayan an tace kuza yana ɗauke da ma'adinan da ke fitar da wani haske mai cutarwa wanda ido ba ya gani, irin wanda ake tsoro a harkar nukiliya, ga shi kuwa mutane sun daɗe suna kwasarsa suna gini da shafe. Ashe tambayar Baffa ma ba ta kai girman matsalar ba.

Wani zai ce, ai ga Turawa da Amurkawa suna ba da tallafi. Gaskiya ne, kuma butulci ne a ce ba su yi amfani ba. Daga shekarar 2000 zuwa 2010 wasu manyan gidauniyoyin Amurka sun haɗa kai don taimakon jami'o'in Afirka. Carnegie ta tallafa wa Jami'ar Jos, MacArthur kuma ta tallafa wa Bayero da Ahmadu Bello da wasu. A 2014 Bankin Duniya ya fara shirin cibiyoyin ƙwarewa guda 19 a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, goma daga ciki a Nijeriya, kuma Jami'ar Jos ta sami ta binciken magunguna daga tsirrai. Wannan abin alfahari ne ga ƙasar da kowane tsoho ya san saiwar da ke maganin wani abu, ko da yake ya kamata a sani cewa kuɗin Bankin Duniya rance ne a wuyan ƙasa, ba sadaka ba. Sai dai Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai ba da kuɗi shi ke zaɓen tambaya. Na ga malamai masu basira suna tanƙwara bincikensu kowace shekara don ya dace da abin da ake yayi a ƙasashen masu bayarwa, bana kaza, baɗi kaza, ba su taɓa zama kan abu ɗaya har ya nuna ba. Kuma zanen aro ba ya rufe katara: a watan Janairu na 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take ba ƙasashen waje, ayyukan lafiya da na bincike da yawa a Afirka sun tsaya cik cikin 'yan kwanaki.

Wanda ya fi burge ni cikin na baƙi ƙarami ne, ba ya shiga labarai. A dajin Amurum kusa da Laminga, gabas da Jos, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye da gidauniyar Leventis ta kafa tare da Jami'ar Jos a farkon shekarun 2000. Da na fara jin labarinta dariya na yi, na ce mutane na fama da yunwa ana ƙirga tsuntsaye. Yanzu na janye dariyata. Mai ba da kuɗin ya zaɓi abu ɗaya, wuri ɗaya, ya zauna a kai fiye da shekara ashirin, kuma ɗaliban da suka fito daga nan sun bazu a ƙasashen Afirka suna koyarwa.

Na gida fa? A nan dole a yaba wa ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, wadda a zamanin shugabancin Attahiru Jega ta matsa har aka yi yarjejeniyar 1992, daga ita kuma aka kafa asusun harajin ilmi a 1993, inda kamfanoni ke biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka mai da shi TETFund aka keɓe shi ga manyan makarantu, harajin ya ƙaru zuwa kashi 3 a 2023, sa'an nan dokar haraji ta 2025 ta narkar da shi cikin wani harajin raya ƙasa na kashi 4 da ake rabawa tsakanin hukumomi. Duk wanda ya shiga jami'ar gwamnati ya ga sunan asusun nan a jikin gine-gine. A zamanin Farfesa Suleiman Bogoro, wanda shi kansa malamin jami'ar fasaha ta Bauchi ne, an ɗaga kason bincike na ƙasa zuwa naira biliyan 7.5 a 2020 da biliyan 8.5 a 2021. Da a zamaninmu aka yi wannan, da mun yi rawa. Amma a auna shi da alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Ikko tun 1980, cewa kowace ƙasa za ta kai ga kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinta a kan kimiyya da bincike. Ba mu kai ba, ba mu ma kusa ba, alhali Koriya ta Kudu tana kashe fiye da kashi 4.

Ni dai ƙorafina bai tsaya ga yawan kuɗi ba. Gini yana da daɗin buɗewa, ana yanka ƙyalle, ana ɗaukar hoto. Na'ura ma haka. Amma ba a taɓa gayyatar gwamna ya buɗe tukunyar gas ba, ko man janareto, ko albashin yaron da zai koyi gyaran inji. Waɗannan su ne ruwan cikin da ake jan na rijiya da shi, kuma su ake fara yankewa in kuɗi ya gaza. Sa'an nan ga ƙananan tambayoyi irin na talaka, waɗanda ba su kai a rubuta su a mujallun Turai ba, ba su kuma da mai biya. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara saboda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka lura da yawan sababbin kaburburan yara suka ta da ƙararrawa. Ranar da na ji labarin nan ban iya cin abinci ba, domin awon da ake bukata a gane dalma shi ne irin wanda na'urata mai farar riga aka ƙera ta ta yi.

Kwanan baya wata yarinya 'yar unguwarmu, wadda na san ranar sunanta, ta yi sallama a ƙofar gidana. Yanzu dakta ce, tana koyar da ilmin sinadarai. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, "Baba, an ce kun taɓa yin aiki a kan ruwan kududdufan kuza. Ina rubuta takardar neman tallafi, na zo ku duba mini." Na ce mata ban yi aiki ba, na dai yi niyya. Na ɗauko tsohon littafina mai bangon kwali inda na rubuta wuraren da na ɗebi kwalabe goma sha biyun nan, na ba ta. Ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini lissafinta. Na ga ta sa kuɗin zuwa taro, ta sa kuɗin buga sakamako, amma ta yi farashin kayan waje da canjin ranar da ta rubuta. Na tuna mata cewa a watan Yuni na 2023 an saki naira, daga wajen 460 a dala ta wuce 1,500 cikin 2024, kuma duk wanda ya rubuta takarda kafin nan ya ɗanɗana abin da muka ɗanɗana a 1986. Na ce ta fara rubuta fitila da gas da mai da ladan ma'aikacin ɗaki kafin kome, in wani abu zai faɗi, taron ya faɗi. Na ce kuma ta ware 'yan kuɗin mota na komawa wurin masu lambu ta gaya musu abin da ta gani, da Hausa da Birom, ko da masu ba da kuɗin ba su nemi haka ba. Ta yi murmushi ta ce babu gurbin wannan a fom ɗin. Na ce ta cusa shi ƙarƙashin sufuri.

Ranar Asabar muka tafi tare da ita bakin kududdufin. Jigo ya daɗe da ɓacewa, injin ban-ruwa ne ke ta ƙara, jikan Baffa yana jan tiyo tsakanin kunyoyin kabeji. Ya kashe injin ya zo ya gaishe ni, ya ga dakta tana sa safar hannu tana kurkure kwalba sau uku da ruwan wurin kafin ta cika ta. Ya tambaya ko lafiya. Na gaya masa abin da ya kawo mu. Ya share gumi ya ce, "To Baba, yaushe za mu ji sakamako?"

Dakta ta buɗe baki za ta ce wani abu, na riga ta. Na ce masa takarda tana gaban kwamiti, kuma ya ba mu lambar wayarsa.